Wace kalma za mu sa a madadin "module"?

'Yan uwa malamai, tun da annobar korona ta rufe jami'o'i a 2020 aka koma ɗora darussa a intanet, kalmar "module" ta zauna daram a bakinmu, ɗalibai na kiranta mojul, mu kuma muka zuba ido. Sai da na zauna shirya kwas ɗin nahawun Hausa a manhajar Moodle, wadda harafin farko na sunanta ma daga wannan kalma ya samo asali, sannan na ga rashin dacewar a ce shafin da komai nasa Hausa ne ya buɗe da "mojul na ɗaya".

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san kamanninsa. Abin da ake nufi shi ne yankin karatu mai cin gashin kansa, wanda ke farawa da bayanin abin da ɗalibi zai iya yi idan ya kammala, sai karatun da kansa, ko rubutu ko murya ko gajeren bidiyo, sannan ya rufe da tambayoyin da ɗalibi zai auna fahimtarsa ba tare da malami a kansa ba. Haka Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ta Najeriya (NOUN) take tsara littattafanta, kowane mojul da ƙananan darussa a cikinsa.

An kawo shawarwari da dama kan sunan da za a ba shi. Masu cewa "babi" ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai babi ɗan littafi ne, yana jingine da na gabansa, alhali ɗalibar da ta sauke mojul guda a wayarta da ragowar datarta tana bukatar ta same shi cikakke. "Zango" ya riga ya zama na zangon karatu, "rukuni" kuma na tara abubuwa masu kama da juna ne. "Kashi" kuwa, tunda rubutunmu ba ya nuna karin sauti, ba sai na faɗi abin da 'yan aji ɗaya za su mayar da shi ba.

Shawarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wanda ya kawo "sumuni". Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan hikima: izu sittin, kowane izu sumuni takwas, almajiri ya rubuta gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ya biya wa malam, sai an tabbatar ya riƙe sannan ya wanke allo. Tsarin da muke nema ke nan. Amma ma'anar kalmar ɗaya bisa takwas ce, kuma ta Alƙur'ani ce, ba na son a ja ta zuwa kwas ɗin lissafin kuɗi.

Saboda haka na tsaya a kan "ƙunshin darasi", domin ƙunshi abu ne da aka haɗa aka ɗaure wuri guda, a ɗauka a tafi da shi. An yi mini gyara cewa zai iya rikicewa da "ƙunshiya" da muke rubutawa a farkon kundin bincike, na kuma karɓi gyaran, shi ya sa a shafin nawa na bar jerin batutuwa da sunan "abubuwan da ke ciki". Da safen nan na canza kanun farko zuwa "Ƙunshi na 1: Ginin Jimla", da darussa huɗu a ƙarƙashinsa.