Shafina ya zama tsirara bayan na kashe DEBUG a Django

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Wata takwas ke nan ina koyon yaren shirya manhaja na Python da Django (tsarin gina shafukan intanet da Python), har na haɗa manhajar lissafin kaya ga shagon kawuna a Kantin Kwari. A kwamfutata komai lafiya lau. Amma da na ɗora ta a sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafi a intanet), na mai da DEBUG (saitin gwaji na Django) zuwa False, wato na kashe shi, sai launuka da tsarin CSS (fayilolin da ke ƙawata shafi) suka ɓace, rubutu kawai ya rage fari fat.

Na gudanar da collectstatic (umarnin da ke tattara irin waɗannan fayiloli), fayilolin sun taru a STATIC_ROOT (foldar da aka ware musu), duk da haka 404 nake gani, wato ba a samu fayil ba. Datata ma ta kusa ƙarewa wajen gwaji. Don a riƙa isar da fayilolin CSS ɗin, WhiteNoise (ƙarin manhaja ta Python) zan saka, ko Nginx (manhajar sabar) zan saita? Ranar Litinin wani kamfani zai duba aikin kafin ya ɗauke ni.