Banki ya cinye kuɗin maganin mahaifiyata, asusuna ya shiga mainos, ina mafita?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka, kwana biyu ke nan ban runtsa ba. Ni malamin firamare ne a ƙaramar hukuma, albashina 72,000. Da damina ruwa ya kwashe katangar gidanmu ta baya, ga iyali ga 'yan mata, duk mai wucewa sai ya leƙo. Mai gini ya ce sai an sake tushe, domin na dā da laka aka yi tun zamanin marigayi mahaifinmu. Yayyena biyu kowa ya ce ba shi da hali, ni ƙarami aka bar wa. Shi ne na karɓi rancen albashi na 180,000 ta manhajar bankina, a biya cikin wata shida, 34,500 duk wata. Wata biyu an cire lafiya. Na uku albashi ya makara, yau kwana 19 shiru. Ina da 2,300 a ciki, sai na ga asusun ya koma mainos 32,200. Shekaranjiya ɗan yayata ya turo 50,000 na maganin mahaifiyata da ke kwance a asibiti. Na je POS aka ce 16,950 kawai ke ciki. A banki yarinyar ta ce mini wai na'ura ce take cirewa. Shin suna da ikon taɓa kuɗin da ba albashi ba? Ko da lissafinsu ma 17,800 ya kamata ya rage, ina 850 ta shiga? Kuma in na mayar da albashina wani banki fa?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Malam, kafin komai, ka hana dangi sake turo ko kwabo cikin wannan asusun. Su tura kai tsaye wa kantin maganin asibitin ko asusun maiɗakinka. Bankunan nan ba su da tausayi. Kuɗin alat, kuɗin kati, kuɗin tura kuɗi, ga kuma naira 100 kan kowace 20,000 in ka cira a ATM na wani banki tun watan Maris 2025. Ɗan kasuwa ya tara riba da cokali, su kwashe da ludayi.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Malam, maganar ba za ta yi maka daɗi ba, amma suna da ikon. Ranar da ka danna "na amince" a manhajar, ka ba su damar ɗaukar bashinsu daga duk kuɗin da ya shigo asusunka. Na'ura ba ta san kuɗin magani ba, ba ta san na albashi ba. Ranar biya ta yi, aka cire 34,500 daga 2,300, asusu ya koma obadiraf, wato mainos, abin da ya fara faɗowa ciki shi zai cike ramin. Wannan 32,200 ɗin ka cire rai da ita, bashinka ne aka biya.

Inda kake da bakin magana shi ne 850. Jadawalin cajin bankuna na CBN, wato Babban Bankin Najeriya, da ya fara aiki 1 ga Janairu 2020 ya ce tarar jinkirin biya ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari a wata na abin da ba a biya ba. Kashi 1 na 34,500 shi ne 345. In ka ga an cire naira 50 ta harajin tura kuɗi, wannan ta gwamnati ce. Abin da ya rage da alama ruwa ne na kwanakin da asusun ya yi a mainos: in ruwan 30 cikin ɗari ne a shekara, 32,200 na kwana 17 zai ba da kusan 450. To tambayar ita ce, wannan ruwan yana rubuce a takardar yarjejeniyarka ko kuwa?

Ka je ka nemi sitatimen tun daga ranar da rancen ya shigo, da takardar tayin rancen. Ka bi layi-layi, ka ja layi ƙarƙashin duk cajin da ba ka gani a takardar ba. Ka rubuta koke kwafi biyu, su buga maka hatimi a ɗaya, su ba ka lambar bibiyar koke. Koken caji da na rance kwana 30 ake ba banki. In sun yi shiru, ka kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN tare da wannan kwafin mai hatimi. In babu shi, mayar da kai bankinka za su yi. Kuma ba ka faɗa mana ba, asusun ajiya ne ko karent? A jadawalin 2020, na karent ana cire naira 1 kan kowace 1,000 da ka fitar, na ajiya kuma naira 50 ta kati duk wata uku.

Ɗan POS:
Baba, duk wannan doguwar hanya saboda 850? Kuɗin mota ma ya fi haka. Malam ka buɗe asusu a wani banki yau, ka kai lambar ofishin albashi, in ka samu sarari ka riƙa biyansu da hannunka kaɗan-kaɗan. Su ma in kuɗin mutum ya maƙale a na'ura, a cire ba a biya ba, sai ya yi ta sintiri kafin su mayar.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Yaro, kada ka jefa bawan Allah a rijiya. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin GSI na karɓo bashi daga sauran asusun mutum. Duk asusun da ke jingine da BVN ɗinsa, na ajiya, na karent, har da na manhajojin waya, banki mai bin bashi zai iya bi ya ɗauki uwar kuɗi da ruwanta ba tare da ya tambaye shi ba. Tara ce kawai ba a yarda a ɗauka ta wannan hanyar ba. Bayan haka sunansa ya shiga rajistar masu taurin bashi a CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, gobe ko rancen babur ya nema a hana shi. Ofisoshin albashi da yawa ma ba sa canja maka banki sai ka kawo takardar shaidar cewa tsohon bankin ba ya bin ka.

Akanta:
Ni dai gaskiya zan faɗa. 34,500 cikin 72,000 kusan kashi 48 ne. Ƙa'idar da aka sani, biyan bashi kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, wato 24,000 a wurinka. Kuma ma'aikacin ƙaramar hukuma ya san albashinsa ba ya da rana. Wanda ya san haka yakan zaɓi ranar biya can cikin sabon wata, ya kuma ajiye kuɗin biya ɗaya kada ya taɓa. Jimillar abin da za ka biya 207,000 ne, ruwa 27,000 ke nan. Ka duba wannan kafin ka danna?

Malamin Firamare:
Yallaɓai, da sauƙi a faɗa. Katanga a ƙasa, iyali a fili, in tsaya lissafin kashi uku? Manhajar ba ta ba ni zaɓin rana ba. Kuma ni na riƙe albashin? Su da suka san kuɗin daga gwamnati yake fitowa me ya hana su jira? Takardar da Baba yake magana ban taɓa ganinta ba, rubutu ne ƙanana da Turanci na wuce.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Tana nan, ka duba imel ɗinka ko ka nema a reshe. Gwamnati ba ta sa hannu a rancen ba, kai ka sa. Abin da ya fi 850 muhimmanci shi ne nan da kwana 11 biya na huɗu zai faɗo. Ka rubuta wa manajan reshe tun yanzu, ka haɗa da takarda daga sakataren ilimi cewa ba a biya albashi ba, ka nemi a matsar da ranar biya ko a shimfiɗa ragowar 103,500 zuwa wata shida.

Almajirin Malam:
Shimfiɗawa ƙarin ruwa ne, ruwa kuma riba ce, kowa ya san hukuncinta. Ɗan'uwa ka tuba, ka nemi hanyar biya gaba ɗaya ka fita. Da bankin da ba ya karɓar ruwa ka je, Jaiz ko TAJ ko Lotus, ta murabaha su za su sayi siminti da bulo su sayar maka a farashin da kuka yanke tun farko.

Akanta:
A nan na yarda da Almajirin Malam, kada ya shimfiɗa. Ya tambayi bankin nawa ne in zai rufe bashin yau, ya karɓo daga ƙungiyar adashin malamai ya biya.

Malamin Firamare:
Ai ƙungiyar ma tana bina, 10,000 ake cire mini duk wata tun Sallah. Shi ya sa ban je can ba.

Hajiya Mai Atamfa:
To fa. Wannan ba ka faɗa ba tun farko.

Malamin Firamare:
Ban ga ya shafi maganar ba, Hajiya. Baba, in aka turo ta asusun maiɗakina, GSI ɗin zai bi ta? Kuma har yanzu ina ganin canja bankin ya fi, ko wata ɗaya ne in numfasa.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
BVN ɗinta daban, ba zai bi ta ba, sai dai in asusun haɗin gwiwa kuke da shi. Canja banki kuwa na gama magana.

Ɗan POS:
Malam wace ƙaramar hukuma ce taku? An ce wasu sun fara ganin alat tun da yamma.