Ƙaramin harsashi a kan babban nama: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Baƙon Duluth:
Assalamu alaikum. Abin da ya same ni ranar Asabar ne ya hana ni sakat. Shekarata ta uku ke nan ina fita farautar barewa a arewacin jihar Minnesota ta Amurka idan an buɗe daji a watan Nuwamba. Bindigata .223 ce, wato mai ƙaramin harsashi (lambar faɗin harsashin take nunawa, a ma'aunin inci), kuma dokar jihar ta yarda da ita. Wajen bakwai na safe wani namiji mai ƙaho ya fito daga cikin itatuwa, tsakaninmu bai fi mita tamanin ba. Na yi bismillah, na auna bayan kafaɗa, na ja kunama. Daidai lokacin ya ɗan juyo, harsashin ya sauka a kan ƙashi. Ya durƙusa, ya miƙe, ya shige kurmi. A kan dusar ƙanƙara na tarar da gashi da ɗan tsinken ƙashi, sai jini ɗigo-ɗigo. Ni da abokina muka bi shi har la'asar, jinin ya ɗauke, sawunsa ya gauraye da na sauran. Ba naman ne ke damuna ba. Tunanin yana can kwance da karyayyar kafaɗa cikin wannan sanyi ne. Don Allah wanda ya taɓa harbin babban nama da ƙaramin harsashi ya faɗa mini abin da ya gani.

Malam na Leeds:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Wane irin harsashi ka sa?

Baƙon Duluth:
Mai nauyin giren 55, wato kamar giram uku da rabi, mai ɗan tsinin roba a baki. A jikin kwalin akwai hoton dila irin ta nan.

Malam na Leeds:
To ga matsalar nan. Wannan na ƙananan dabbobi ne, ɓawonsa siriri, an yi shi ne ya tarwatse da zarar ya taɓa jiki. A kan dila ya yi daidai, a kan allon kafaɗar barewa kuwa sai ya fashe a waje bai kai huhu ba. Nan Ingila doka ma ba ta yarda da .223 a kan manyan barewa ba, sai .240 zuwa sama. Ƙananan nau'i biyu kawai aka ɗaga wa ƙafa. Ni .243 nake riƙewa, da harsashi giren 100, wato kamar giram shida da rabi, mai taushin baki. Bara na harbi wata babbar mace a Scotland, ta yi gudu kamar mita arba'in ta faɗi. Da muke fiɗa na ji wani abu kamar tsakuwa ƙarƙashin fatar ɗaya gefen. Na tsaga, sai ga harsashin ya buɗe kamar laima, gindinsa ko motsi bai yi ba. Yana nan a aljihun jakata har yau.

Kuma kar ka ɗauka girman bindiga ke hana wannan. Wani Ba'amurke, John Nosler, da babbar bindiga .300 H&H ya harbi wata ƙatuwar dabba a Kanada a 1946, jikinta duk busasshen taɓo, harsashin ya kasa shiga. Takaicin haka ne ya sa ya ƙera harsashin Partition mai shamaki a tsakiya, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da kutsawa.

Baba Mai Bin Sawu, Garwa:
Yaro, na ji ciwonka, don mu ne ake turawa gaba idan an yi irin wannan harbi. Shekara ashirin da wani abu na yi ina bin sawu wa baƙi a dazukan farauta da ke kewayen Benuwe da Faro. A wurinmu idan jini ya zuba, baƙo zai biya kuɗin dabbar ko ba a same ta ba.

Wani baƙo ya taɓa zuwa da bindiga mai ƙaramin harsashi mai tsananin gudu, yana ta yabonta. Ya harbi gwanki a kafaɗa. Kwana biyu muna binsa cikin zafin Maris, kan ƙasar da aka ƙone ciyawa, toka har cikin hanci. Jinin ba ya ɗiga ƙasa, sai dai ka ga an shafa shi a jikin kara daidai ƙugunka. Rana ta biyu muka same shi tsaye ƙarƙashin tsamiya, ƙudaje sun rufe raunin, faɗinsa kamar tafin hannu amma zurfinsa bai kai yatsa ba. Idonsa a kaina yake har aka ƙara masa. Daren nan ban ci tuwo ba.

A shekarar kuma wani dattijo Bajamushe ya zo da tsohuwar bindiga 7x57, mai harsashi mai faɗin milimita bakwai, ba wata babba ba ce. Ya kayar da kanki da mariya da gadu, kowanne harbi ɗaya. Amma fa mutumin nan yakan ƙi harbi. Sai dabba ta ba shi gefe sosai, in ba haka ba ya sauke bindiga ya ce mu tafi. Ɓauna kuwa babu wasa: ban taɓa yarda na shiga gaban wanda ke riƙe da abin da bai kai .375 ba, kuma ƙasashen Afirka da dama haka dokarsu ta ce. Ɓauna mai rauni ba guduwa take yi ba, laɓewa take ta jira ka.

Ɗan Zangon Kumasi:
Baba, da girman kujerarka, amma Karamojo Bell fa? Baturen nan ya kashe giwa sama da dubu, yawancinsu da wannan 7x57 ɗin.

Baba Mai Bin Sawu, Garwa:
Gaskiya ne ɗana. Amma harsashinsa mai ƙarfe ne gaba ɗaya a waje, wanda ba ya buɗewa, kuma ƙwaƙwalwa yake nema daga kusa. Sai da ya tsaga kawunan giwaye ya koyi inda take. Wanda ke fita daji kwana uku a shekara ba Bell ba ne.

Injiniya a Umeå:
Baƙon Duluth, ni nawa kuskuren akasin naka ne. Da na samu lasisi a Suwidin sai na sayi .300 Magnum, wai don ƙatuwar barewar da suke kira älg ta fi doki girma. Dukan da take yi min a kafaɗa ya sa na fara runtse ido kafin harsashi ya fita, ban ma sani ba sai da wani tsoho a filin gwaji ya miƙo min bindigar babu harsashi, na ja kunama, na ga bakin ya nutse ƙasa. A nan ana gwada mu da hoton dabbar mai gudu daga mita tamanin, kuma na faɗi sau biyu. Na koma 6.5x55, wadda suke amfani da ita tun 1894, da dogon harsashi giren 156. Biyu na kayar da ita, duk a huhu. Yanzu na koma na jan ƙarfe zalla saboda yara na cin naman, ba na son ɓurɓushin darma. A Kalifoniya ma tun 2019 an hana farauta da darma. Sai dai shi na jan ƙarfe yana son gudu kafin ya buɗe, don haka ba na kai shi nesa.

Malam na Leeds:
Kuma hadisin da ke cikin Muslim ya shafe mu kai tsaye: idan za ku kashe, ku kyautata kisan. Zaɓen harsashi na cikin wannan kyautatawa.

Baƙon Duluth:
Na gode Baba, na gode Malam da Injiniya. Jiya na ɗauki hutu na koma dajin. Hankaki ne suka nuna min wurin, bakin wani rafi, nesa da inda muka tsaya. Kyarketai sun riga ni, saura kai da ƙasusuwa. Na ɗaga allon kafaɗar, ya farfashe kamar kwanon tangaran, amma haƙarƙarin da ke bayansa ko ɗaya bai karye ba. Sauran harsashi goma sha bakwai da ke cikin kwalin na ba maƙwabcina mai gonar da dila ke damunsa. Abokina ya ce zai ara min .243 ɗinsa, kuma Asabar mai zuwa filin gwaji za ni, ba daji ba.