Wai rigar kariya ta sa shugaba ya fi karfin doka ne?

Dan_Kawo:
Salam yan uwa. Don Allah masana shari'a a fahimtar da ni, wannan rigar kariyar da ake cewa shugaban kasa da gwamnoni suna da ita iyakarta ina ne? Yanzu in gwamna ya wawure kudin jiha ko ya sa aka kashe mutum shikenan ba mai taba shi har sai ya sauka? To in haka ne meye amfanin rantsuwar da suke yi da Alkur'ani ko Baibul a hannu?

Barista_UnguwarRimi:
Wa alaikumus salam malam. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ne, kuma mukami hudu kawai ya rufe, shugaban kasa da mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Sanata ba shi da ita, minista ba shi da ita, balle ciyaman. Muddin suna kan kujera ba a kama su ba a gurfanar da su, amma ba wai an yafe laifin ba ne, ajiye shi aka yi. Kuma ana iya bincikensu, Kotun Koli ta fadi haka a 2002 a karar da Gani Fawehinmi ya shigar kan Sufeton yan sanda. Shi ya sa ka ga Obiano na Anambra ranar da ya mika mulki a 2022 ranar EFCC ta damke shi a filin jirgin Legas. Karar zabe ma rigar bata hana ta.

Maman Ilham:
Barista duk wannan a takarda ne wlh. To an jira sun sauka din sai me? Dariye na Filato da Nyame na Taraba an yi shekara da shekaru ana jan shari'a, 2018 aka daure su shekara 14 kowanne, muna ta murna ashe bamu san dawan garin ba, 2022 gwamnatin Buhari tayi musu afuwa suka koma gida. Alamieyeseigha na Bayelsa ma haka Jonathan yayi masa a 2013. Amma je ka gidan yarin Kaduna ka ga yaran da ke jiran shari'a kan satar waya ba mai ko tambayarsu. Ni fa ba rigar ce ke bani haushi ba, abin da ke biyo bayanta ne.

Alhaji na Tudun Wada:
Yata kin yi gaskiya. Manzon Allah (SAW) cewa yayi ko Fatima ce tayi sata zai yanke hannunta, to waye gwamna. Sai dai ku yaran yanzu ku tuna akwai tsigewa, mu da idonmu muka gani a garin nan, 1981 majalisar jihar Kaduna ta cire marigayi Balarabe Musa, shi ne gwamna na farko da aka tsige a kasar nan. Kuma ba don ya ci kudi ba, shi dan jam'iyyar PRP ne, su kuma yan NPN ne suka cika Lugard Hall, zauren majalisar, ko kwamishinoni sun ki tabbatar masa. Mai gaskiya aka iya tsigewa. Yanzu kuwa majalisar a aljihun gwamna take, wa zai daga hannu?

Dan_Kawo:
To Baba a cire ta kawai mana a huta, ai shugaba Zuma ma an yanke masa daurin wata 15 a Afirka ta Kudu.

Barista_UnguwarRimi:
Zuma bayan ya sauka ne fa, 2021, kan raina kotu. Kuma in aka cire ta gaba daya duk gwamnan da ya saba da Abuja sai dai ya tare a kotu, yau sammaci gobe sammaci. Ko Amurka a 2024 Kotun Kolinsu, alkalai 6 cikin 9, ta ba shugaba kariya kan ayyukan ofis a shari'ar Trump, har bayan ya sauka, tamu ma bata kai can ba. Ni da za a ji tawa a bar ta kan kararrakin farar hula a cire kan kisa da satar dukiyar jama'a, sannan a taba sashe na 175 mai ba da ikon afuwa. Matsalar sai majalisun jihohi 24 sun amince kafin a gyara.

Maman Ilham:
Majalisun da gwamnonin ke rike da su? Tab, Allah ya kyauta.