Tsutsa ta naɗe mini ganyen riɗi, ina neman shawara

Ɗan Gumel: Assalamu alaikum. Riɗina ya cika kwana 25, sai na ga tsutsa ta haɗe ganyen toho da zare kamar saƙar gizo-gizo, tana cinsa daga ciki. Ba na son feshi, saboda masu saye a Maigatari suna ƙorafin ragowar magani a jikin riɗin da ake fitarwa Japan.

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Ka bi kunya-kunya da sassafe, ka tsinke duk tohon da ya naɗe, ka tara a buhu ka ƙone a bakin gona. Idan ka bar ta, lokacin fure za ta huda kwanso ta cinye ƙwayar. Yaushe ka yi shuka?

Ɗan Gumel: Ƙarshen watan Yuli, Malam.

Malamin gona: Ka ɗan makara, kuma shukar baya ita tsutsar ta fi damu.

Baba na Gagarawa: Ɗana, ni ba tsutsa ce ta karya ni ba, sha-mai ne, ƙwaron nan da ke tsotse man ƙwayar riɗi da gyaɗa. Shekaru uku a jere na maimaita riɗi a gona ɗaya, ban kwashe karan bara ba, gyauro ma na bar shi don ina ganin riba ce. Da na yanke, na jingina dammuna kusa da inda na tara gyaɗa, na bar su kusan wata guda saboda aikin gero ya riƙe ni. Ranar kakkaɓewa na ɗaga dami, sai ga ƙwari suna watsewa cikin ganyen da ya zube a gindinsa. Na murza ƙwayar a tafin hannu, ta yamutse, ba nauyi, na tauna na ji ɗaci. Tun daga lokacin nake share wurin jingina tas, in shimfiɗa tamfol nesa da gyaɗa, in kakkaɓe da zarar kwanso ya buɗe baki.

Hajiya daga Doma: Gaskiyar Baba ce, gyauro shi ke ciyar da ƙwari har sabuwar shuka ta fito.

Ɗan Maigatari: Ni ina ganin a shuka riɗi tsakanin layukan gero ya fi komai.

Hajiya daga Doma: Ban yarda ba. Gero yana yi masa inuwa, sai ya yi tsawo babu kwanso. Gara a juya gonar, bana dawa, baɗi riɗi.

Ɗan Maigatari: Hajiya, wanda ya cushe layi ne yake ganin haka, a buɗe tazara kawai.

Malamin gona: Ɗan Gumel, kada ka manta da rage tsiro da noman ciyawa, domin cunkoso maɓoyar ƙwari ce. Duk gindin da ka ga furensa ya rikiɗe ya zama ƙananan ganye, ka tumɓuke shi ka binne, cuta ce da ƙwari masu tsotson ruwan ganye ke yaɗawa.

Ɗan Gumel: Na gode. Gobe da safe zan fara tsinke tohon ta gefen gabas.