Dutsin-Ma tun zuwan jami'a: su wa ke cika garin, wane gini ke tafiya?

Magini_Kt:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga waɗanda suka san Dutsin-Ma sosai. Ana ta cewa garin ya canza tun da aka kawo jami'ar tarayya. Su wane ne ainihin mutanen da suka ƙaru, ɗalibai ne kawai ko har da ma'aikata da 'yan kasuwa? Mai son gina ɗakunan haya ko shago, da me zai yi lissafi?

Malamin_Ƙasa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Fara da wannan: ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, jami'ar kuma a 2011 aka kafa ta, cikin jami'o'in tarayya tara da gwamnatin Jonathan ta buɗe a lokacin. Ke nan duk adadin da aka ba ka na mutanen garin, ko dai na kafin jami'a ne ko kuma kintace ne da aka ɗora a kansa.

Abin da ya fi amfani shi ne ka raba mutanen. Akwai 'yan gari na asali, manoma da makiyaya da 'yan kasuwar Laraba, ƙarƙashin Yandakan Katsina, hakimin garin. Su ba sa motsawa. Akwai ma'aikatan jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda ta riga jami'ar zuwa garin. Sai ɗalibai, sai kuma waɗanda suka biyo ɗaliban: masu abinci, masu POS, masu buga takardu, 'yan acaɓa, masu gyaran waya.

Cakuɗuwar ɗaliban tana da dalili a tsari. Jami'ar tarayya na raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta daga ko'ina a ƙasa, 35 ga jihohin yankinta, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Shi ya sa za ka ji Yarbanci da Tibi da Igala a layin da a da Hausa da Fulatanci kaɗai ake ji, kuma ranar Lahadi ka ga masu tafiya coci. Mafi yawansu matasa ne marasa aure, kuma ba mazauna ba ne, baƙin zango ne.

Dillalin_Gidaje:
Kalmar Malam ta ƙarshe ita ce maganar, Alhaji. Garin yana cika yana rama da kalandar makaranta. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 daga 14 ga Fabrairu ya kai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mai shagon da ɗalibai kaɗai ke saya masa, a irin wannan lokaci sai ƙuda. Don haka shago a sa shi inda ɗan gari ma zai bi ta ƙofarsa.

Ɗaki kuwa, a karɓi kuɗin shekara gaba ɗaya, kuma a rubuta a yarjejeniya ko shekarar ta wata goma sha biyu ce ko ta karatu. Nan rigima take. Yajin aiki ya ci wata shida, ɗalibi ya dawo ya ce bai zauna ba, mai gida ya ce kayanka na ciki ɗakin a kulle. In ba a rubuta ba, sai an kai ga mai unguwa.

Girman ɗaki ƙafa 12 sau 12, da banɗaki a ciki da ɗan lungun girki. Ka gina don mutum biyu amma ka sani uku ko huɗu za su kwana, don haɗa kuɗi suke yi. Ramin masai da wayar wuta a yi su da lissafin huɗun. Mita ɗaya ga gida mai ɗaki ashirin faɗa ce kullum, domin mai hita da mai cajin waya ba za su yarda su biya daidai ba. Kowane ɗaki da ƙaramar mitarsa.

Injiniya_Ruwa:
An manta ruwa, kuma shi ke korar 'yan haya. Sunan garin ma ya faɗa maka, ƙasar dutse ce. A irin wannan ƙasa ruwa a tsagar dutse yake, sai maƙwabcinka ya samu kai ka haƙa ka tarar da busasshe. Kasancewar madatsar Zobe a ƙaramar hukumar ba ya nufin famfo zai zo ƙofarka. A auna filin da na'urar gano ruwa kafin a sa tubali, kuma gwajin ƙarfin rijiyar burtsatse a yi shi a Maris ko Afrilu, ba da damina ba.

Lissafi mai sauƙi: jarka biyu ta lita 25 ga mutum a rana. Ɗaki ashirin, mutum uku-uku, sittin ke nan, lita 3,000. Tanki ya ɗauki na kwana biyu saboda ranar da babu wuta, famfon kuma ya fi kyau a kan sola.

Hajiya_Uwar_Ɗalibai:
Alhaji, duk ku maganar gini kuke, iyaye kuwa tsaro suke fara tambaya. Tun da aka sace ɗalibai mata biyar daga gidan haya a Oktoban 2023, fili mai arha a bakin gari ya daina zama riba. Gidan mata na son katanga, ƙofa ɗaya, maigadi, da maƙwabta masu iyali kewaye da shi. Kuma a faɗa wa 'yan haya dokar unguwa tun ranar karɓar makulli: lokacin rufe ƙofa, baƙi, kiɗa da dare.

Ban yarda a dogara da ma'aikatan jami'a sosai a matsayin 'yan haya ba. Katsina kusan kilomita 60 ce, da dama can suka ajiye iyali, ɗaki ɗaya suke nema na Litinin zuwa Alhamis, ba gida mai falo biyu ba.

Magini_Kt:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, awon filin nan kafin a biya kuɗin fili ake yi ko bayan an saya? Mai fili zai yarda a shigo da na'ura tun ba a yi ciniki ba?