Shekara guda ina shan maganin tayirod, amma gajiya ta ƙi sakina

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 34, 'ya'yana uku, malamar firamare ce ni. Bara aka yi min gwajin jini aka ce tayirod ɗina, wato abin nan na gaban wuya da in ya kumbura ake kira maƙoƙo, ba ya fitar da sinadarin da ya ishi jiki. Ni wuyana bai kumbura ba. Likita ya ɗora ni a kan levothyroxine mai lamba 50, daga baya ya mai da shi 75. Wata biyun farko na ji dama-dama, sai komai ya dawo. Ina tashi da safe kamar wadda ta kwana tana daka. Ana zafin Afrilu ni ina neman mayafi, gashina yana bin mataji, bayan gida sai na kwana uku, ga ƙiba ba gaira ba dalili, ga mantuwa har sunan ɗalibaina yana ɓace min. Maigida ya fara cewa son jiki ne, abin yana min ciwo. Gwajin ƙarshe wata biyar ke nan, TSH, wato awon jinin da ake gane aikin tayirod da shi, ya nuna 7.8, ban koma ba saboda kuɗin gwaji da layin asibiti. Shin in ƙara da kaina zuwa 100, ko in haɗa da na gargajiya?

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni shekarata shida a kansa. Kafin komai ki faɗa mana da me kike haɗiye ƙwayar, kuma ƙarfe nawa.

Mai tambaya: Amin, na gode. Wajen bakwai saura, lokacin da nake haɗa wa yara kari. Da shayi nake korawa, mai madara. Tare nake watsa su da maganin ƙarin jini da aka ba ni tun haihuwar auta, don kar in manta.

Maman 'yan biyu: Tabɗi! Ashe ɓarawon yana cikin gida. Bari mai famasi ta zo, ta fi ni iya bayani.

Anti mai famasi: Ƙanwata, kar ki ƙara ko rabin ƙwaya da kanki. Ina kyautata zaton 75 ɗin ma ba duka yake shiga jininki ba. Levothyroxine magani ne mai tsirfa, ba ya son abokin tafiya. Ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini yana manne masa a hanji, sai su wuce tare a fita da su, jiki bai amfana ba. Kalsiyam ma haka yake yi, shi ne kuwa ke cikin madara da ƙwayoyin ƙarfin ƙashi. Haka farin ruwan nan da masu olsa ke kurɓa in ƙirji yana zafi, haka kofi. Ke kuma kin haɗa biyu a lokaci guda, kullum, shekara guda.

Ga yadda ake yi. Ki sha shi ciki babu komai, da ruwa zalla, ki jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ki sa wani abu a baki, awa ɗayan ta fi. Mafi sauƙi gare mu shi ne a ɗaura shi da sallar asuba: kina farkawa ki haɗiye, ki yi alwala, ki yi salla da azkar, ki shirya yara, kafin a zauna kari lokaci ya cika. Maganin ƙarin jini, kalsiyam da na olsa kuma a ba su tazarar awa huɗu, ki mai da su bayan azahar ko dare. Wadda asuba ba ta yi mata ba tana iya sha lokacin kwanciya, da sharaɗin ta yi awa uku rabonta da abinci. Ki zaɓi lokaci ɗaya ki tsaya a kai.

Sai haƙuri kuma. Maganin yana daɗewa a jini, sai kusan kwana bakwai rabinsa ke fita, shi ya sa duk canjin da aka yi ba a ganin sakamakonsa sai bayan sati shida zuwa takwas. Ki gyara shan yau, ki ƙirga sati shida, ki je a sake auna TSH. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar wajen 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai, kuma lambar tana tafiya ne a juye: in ta hau, jiki ne yake kukan bai ƙoshi ba. Naki 7.8 ya hau. In bayan gyaran bai sauko ba, likita zai ƙara miki, yawanci 12.5 ko 25 ake ƙarawa a hankali. Amma ki faɗa masa yadda kike sha a da, kar ya ƙara a kan tsohon sakamako, ke kuma kin gyara, abin ya zo ya yi yawa.

Gimbiyar kicin: Ni dai shawarata ki bar ƙwayoyin Bature ɗin nan, in ka fara su ba ranar bari. Akwai mai haɗa tsimi na maƙoƙo da zuma da habbatus sauda, maƙwabciyarmu ta sha ta warke sarai. Ki yi min magana ta ciki.

Anti mai famasi: Hajiya, a yi haƙuri, amma wannan shawarar tana iya kai mutum gadon asibiti. Ba ƙwayar da ke sa maye ba ce balle a ce an saba da ita, kwafin sinadarin da jikinta ya kasa yi ne ake mayar mata. A da yawa daga cikin masu wannan larura garkuwar jiki ce take cin tayirod ɗin a hankali, abin da likitoci ke kira Hashimoto, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Akwai wadda ke samun matsalar bayan haihuwa ta warware da kanta cikin watanni, ƙila irin ta maƙwabciyarku ke nan, tsimi ya kwashe lada. Zuma abinci ce, ta sha abinta da rana. Ta daina magani kuwa, a'a.

Maman 'yan biyu: Ni abin da ya kama ni awara ce, ku yi dariya. Yarinyar maƙwabta ke kawo min mai zafi da sassafe, ga madarar waken suya da na mai da abin karina saboda wai ina rage ƙiba. Wata uku ina jan jiki, aka auna aka ga TSH ya tashi, likita ya yi ta tambaya har muka iso kan waken suya. Bai hana ni ci ba, ya ce dai in nisanta shi da magani. Yanzu sai la'asar nake cin abata. Wani abu kuma, ki lura da inda kike ajiye kwalin. Ni a saman firji nake sawa kusa da taga, ashe zafi da haske da laima suna rage masa ƙarfi, a jikin kwalin ma an rubuta kar ya wuce digiri 25, mu kuwa kin san bazararmu. Ki bar shi cikin takardarsa, a durowar ɗaki mafi sanyi. Kuma in kin samu na kamfani ɗaya, Euthyrox ne ko wani, ki riƙe shi. In dole ta sa aka canja miki, ki sanar da likita.

Wani ɗan uwa: Ni namiji ne amma ina kan maganin tun da aka yi min aikin maƙoƙo. Na taɓa yin abin da kike shirin yi, na ninka da kaina don in samu kuzari. Sati uku zuciyata ta fara dukan uku-uku, hannu yana rawa, barci ya ƙaurace, gumi kamar an watsa min ruwa. Likitan ya yi min faɗa sosai, ya ce yawansa yana birkita bugun zuciya, yana kuma cinye ƙashi in aka daɗe, musamman ga mata. Maganar maigida kuma, ki tafi da shi asibiti ranar ganin likita. Mu maza sai mun ji daga bakin mai farar riga muke yarda.

Sista ta ɗakin haihuwa: Duk abin da Anti ta faɗa haka ne. Ƙari na biyu ne. Na farko, ba kowace gajiya ba ce ta tayirod. Mace mai haihuwa uku, wadda tun farko aka ba ta maganin ƙarin jini, dole a duba jinin nata: ƙarancin ƙarfe shi kaɗai yana kawo kasala, jin sanyi da zubar gashi, ga shi wannan larurar kan sa jinin al'ada ya yi yawa, sai abu ya haɗu goma da ashirin. In za a ɗibi jinin, ki roƙa a haɗa da awon yawan jini, sukari, da bitamin B12 in da hali, tsinke ɗaya ya wadatar. In kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu biotin, ki ajiye su aƙalla kwana biyu kafin gwaji, suna sa sakamako ya yi ƙarya. Na biyu, ranar da kika ga ɓatan wata, kar ki jira ranar awo, ki nemi likita a satin. Mai ciki tana buƙatar ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 na maganin tun farkon ciki, domin a watannin farko jariri da sinadarin tayirod na uwa yake gina ƙwaƙwalwarsa. Masu shan ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin su ma a kan ƙara musu.

Mai tambaya: Wallahi jikina ya yi sanyi, ban taɓa sanin shayin nan yana da laifi ba. Allah ya saka da alheri. Na ɗauke kwalin daga kicin yanzun nan, na sa a durowar gefen gado da gorar ruwa. Anti, ina da ramuwar azumi guda tara da nake son farawa ranar Litinin, yaya zan yi da sahur?

Anti mai famasi: Ki sa ƙararrawa awa ɗaya kafin sahur, ki haɗiye da ruwa ki koma ki kishingiɗa, in lokaci ya yi ki tashi ki ci. In hakan ya yi miki wuya, ki gama cin dare da wuri ki sha lokacin kwanciya har ki gama ramuwar. Maganin ƙarin jinin ki mai da shi buɗe-baki in da asuba kike shan wancan. Ki rubuta ranar yau a jikin kwalin, daga ita za ki ƙirga sati shidan.